Abin da Abzal Ya Ɗauka a Gidan Kawunsa

Talgar, watan Oktoba

Zuwa ga Yayata Meiramgul,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Orazali da yara baki ɗaya. Allah ya sassauta miki hawan jinin nan, ya sa iskar teku ta bar ƙirjin Orazali ya huta. Mu nan sai godiya. Apa, mahaifiyarmu, tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kawai ke damunta idan sanyi ya sauko, amma baki da hannu, kamar yadda za ki ji nan gaba, babu abin da ya taɓa su. Tuffa ta yi kyau bana har reshe ya karye, matata Zauresh ta dafa ta cika kwalabe, yanzu ba a buɗe kabad a gidan nan sai da dabara. 'Yarmu Inju ta shiga shekararta ta ƙarshe a makaranta. Dusar ƙanƙara ta riga ta sauko rabin dutse, mun fara kunna wuta da safe.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da rabona da wasiƙa tun ina soja. Dalili shi ne idan na kira ki a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, tun ina ƙarami haka kike yi mini, wannan magana kuwa tana so a ji ta har ƙarshe. Inju za ta ɗauki hoton shafukan ta tura miki don su riga ɗanki isowa. E, Abzal yana cikin jirgin ƙasa yanzu haka, ya nufo ku Aktau. Kafin gabanki ya faɗi, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Sai dai ya tafi yana fushi da ni, bai yi mini sallama ba, kuma yana ɗauke da wani ƙunshi da za ki buɗe ki rasa gane kansa. Zai ba ki labarin yadda ya gan shi. Ni ma ga nawa, ko da yake har yanzu ban gama gane abin da ya faru a gidana ba. Ban san ko kyauta na yi ko rowa ba, ban san ko cutata aka yi ko cetona ba.

Kin dai san ni na kai shi filin jirgin da muke dirowa da laima a farkon bazara, bayan ya zo aiki Almati ya zauna a wurinmu, kin kuma faɗa mini abin da kika faɗa, ban manta ba. Amma yaron da ya tashi yana ganin kawunsa na dirowa daga sama kowace Asabar, in ban kai shi ba wani zai kai shi. Ya yi koyonsa a hannun Tamara Yegorovna, shugabar masu koyarwa a filinmu, matar da ko matuƙin jirgi ba ya tari in tana magana. Yanzu ya yi dirowa arba'in da 'yan kai, an ba shi izinin fita shi kaɗai. A cikin iska, wallahi Yaya, ɗanki abin kallo ne. Matsalarsa ƙasa ce. Laimar yanzu ba irin zagayayyiyar da muka yi soja da ita ba ce, mai yar da mutum kamar buhun dankali duk inda ta ga dama. Wannan gaba take tafiya, tana da linzami biyu, ɗaya a kowane hannu. Idan ka kusa ƙasa sai ka ja su tare, a hankali, har ƙarshe, a lokacin da ya dace, sai ta rage gudu ta ajiye ka a tsaye. Abzal kuwa maimakon ya dubi gaba, tsakanin ƙafafunsa yake kallo, sai ya ga kamar ƙasa ta taso masa, ya ja linzami tun yana tsayin rufin gida, ya tsorata ya sake, ya miƙa ƙafa ɗaya yana laluben ƙasa, hannu ya bi ƙafar, laima ta karkace. Abin da ya sa har yau yake tashi ya kakkaɓe wando yana dariya shi ne laimar 'yan koyo da yake hawa babba ce, mai haƙuri, tana yafe kuskure. Shi ya raɗa mata suna Saniya.

Da lokacin sayen nasa kayan ya yi, na zaunar da shi kamar yadda ya kamata kawu ya yi. Na ce jakar da zai goya ta zauna daidai jikinsa, kada ya sayi ta wani ƙato don ta yi araha. Laimar ko-ta-kwana ta zama babba, wadda ko a sume yake za ta sauke shi da rai, kuma kada ya kuskura ya hau jirgi babu 'yar na'urar nan da ke buɗe ta da kanta idan mutum ya kasa. Muka yi maganar agogon da ke nuna tsayi, da hular kwano marar ƙyale-ƙyale, har da takalmi marar ƙugiyar da igiya za ta maƙale. Duk ya ce to, Kawu. Da muka zo kan kyamara ya fara tura baki, na ce ya bari tukuna, hankalinsa zai rabu tsakanin hoto da wurin sauka. Da muka zo kan laimar da zai riƙa hawa kuwa, nan muka raba gari. Na samo masa wata shuɗiya a hannun wani likitan haƙori da ya daina, ba ta kai Saniya girma ba amma halinsu ɗaya. Ya dube ta ya ce Kawu, ka raba ni da saniya ka haɗa ni da maraƙarta? Ashe idonsa na kan tawa. Kin san ta, wadda nake kira Tsattsewa, baƙa da fari da ja a tsakiya, wadda kika ce ba ta kai zanin teburinki ba. Sai da na yi shekara kusan ashirin ina dirowa, ina rage girman laima kaɗan-kaɗan, kafin na yarda na rataya a ƙarƙashinta. Ita ba ta san yafiya ba. Ka ja linzami ɗaya kusa da ƙasa, sunkuyar da kai take yi ta nufi ƙasa da kai da gudun mota a kan titi. Na faɗa masa haka, ya yi murmushi ya ce ai ya gane, tsufa ne ya zo, ina tsoron kada ya fi ni. Na ɗauka wasan ɗa da kawu ne, na ɗaka masa duka a ƙeya muka tashi.

Sai ga Baffa Seitkali, ƙanen Baba, ya sauko daga Narinkol da rago. Aka yanka, aka tara dangi, aka haɗa tebura har bakin ƙofa. Aka ajiye kan ragon a gaban Baffa, ya yanki kunne ya miƙa wa Abzal, ya ce ko Allah zai sa ya fara jin magana. Kowa ya yi dariya. Ana cikin shan romo sai na ga Abzal ya tashi ya shige ɗakina, ya fito rungume da jakar Tsattsewa, ya tsaya a gaban dattawa ya ce, Kawu, na uku ke nan, na ɗauka. Yaya, romon da ke bakina ban san ta inda ya bi ba. Kin tuna na farko, yana ɗan mitsitsi, ya rungume wuyan duƙushina a Narinkol ya ƙi saki, na ba shi ina dariya. Na biyu wuƙar Baba ce mai ƙotar ƙaho, na ba shi ina cije haƙori. Ni na ma manta saura ɗaya, shi kuwa yana sane. Sau uku al'ada ta ba ɗan 'yar'uwa ya ɗauki abin da idonsa ya so a gidan kawunsa, kuma kawun da ya hana, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ɗakin ya kaure da tafi da shewa, mata suka watsa masa alewa, Baffa yana bubbuga tebur yana cewa yaron nan ya san abu mai kyau, a wurin dangin uwa ya gado.

Na miƙe na ce a yi mini rai, ya ɗauki mota, ya ɗauki bindigar farautata, ya cire ƙofar gidan in yana so, amma ban da wannan. Baffa ya ce ashe ɗan yayansa ya zama ɗan birni, yana rowar ƙyalle. Na ce ba rowa ba ce, ƙarama ce, ta yi masa ƙanƙanta. Nan Apa ta sa baki. Ta ce to ai shi ke nan, ƙaramin yaro ƙaramar laima, babban mutum babbar laima, me ya kawo gardama? Ko ba duƙushi ake ɗora yaro a kai ba kafin a ba shi ingarma? Ta ce ni ma ya kamata in ji kunya, ga tumbi ga sanƙo, na maƙale wa ta yara. Na ce Apa, a wannan harka abin a juye yake, sabon shiga ke hawan babba, gwani ke hawan ƙarama, ƙaramar ita ce ingarmar. Sai ɗakin ya sake fashewa da dariya, wata gwaggo har da share hawaye, wai ba ta taɓa ganin marowaci mai dabara irina ba. Na ɗauki adiko biyu, babba da ƙarami, na sake su daga sama don in nuna musu yadda iska ke riƙe babba. Ƙaramin ya yi ta lilo yana saukowa a hankali, babban ya faɗa kai tsaye cikin romon Baffa. Apa ta rufe maganar. Ta ce a gidan ubanta ba a taɓa mayar da ɗan 'ya hannu wofi ba, yayanta ya ba da dokinsa ana gobe tsere bai ce uffan ba, kuma ba a kan ɗanta za a fara ba. Kin san muryar. Na ce Allah ya sa albarka, da bakina na faɗa. Baffa ya ɗaga hannu ya yi addu'a, kowa ya shafa, ni ma na shafa.

Fatana ɗaya ya rage, Tamara Yegorovna, kuma ba ta ba ni kunya ba. Da Abzal ya kai mata jakar, ta dube shi ta saman tabarau ta ce a filinta ba zai rataya a wannan abu ba sai dai bayan ranta, sannan ta juyo ta tambaye ni ko a sama na baro ƙwaƙwalwata. Na ce al'ada ce. Ta ce in je in yi wa ƙasa bayani, ita ba ta da lokaci. Na ɗauka an kashe wutar ke nan. Muna hanyar gida sai ya ce mini, ko kallona bai yi ba, akwai wani fili can bayan iyakar ƙasa inda ba sa yawan tambaya, abokansa za su je ƙarshen wata, zai bi su. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Na ce in saya a hannunsa, ya ce kayan kawu ba na sayarwa ba ne. Na yi tunanin in sace ta, amma wanda ya saci abin da ya bayar a gaban dattawa, ina zai sa fuskarsa? Na ɗauki waya in kira ki ya fi a ƙirga, in tuna jininki in ajiye. Na sake zaunar da shi na gaya masa cewa yawancin waɗanda na ga an ɗauka a kwance daga filin nan, laimarsu a buɗe take lafiya lau a samansu, hannu ne ya yi kuskuren da ƙaramar laima ba ta jira a gyara. Ya saurare ni har na gama, ya ce Kawu, ka ba ni ko ba ka ba ni ba? Na ce na ba ka. Ya ce to.

Ana haka sai Apa ta ce a kai ta filin, wai tana so ta ga ƙyallen da ya sa ɗanta ya kunyata ta a gaban mutane kuma yake ramewa. Shekara talatin ina roƙonta ta zo tana ƙi. Ran Asabar muka ɗora ta a mota da kujerarta da filas ɗin shayi, muka zaunar da ita kusa da tutar da ke nuna inda iska ta nufa. Tunda Tamara ta hana Abzal, sai na ce ya ara mini Tsattsewa in yi dirowa ɗaya. Ki ji fa, aron kayana. Ya ce zai ara mini, amma in kula masa da ita, shi ba ya son mai ɓarna. Muka hau jirgi ɗaya. Ni na riga shi sauka, don ita ba ta ɓata lokaci a sama. Na zo ta gaban Apa igiyoyi suna fito, ƙafata tana sharar kan ciyawa, sai can nesa na tsaya. Da na waiwayo na ga ɗankwalinta ya zame, ba ta gyara ba. Can sai ga jikanta a kan Saniya, yana saukowa a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Ya hango kakarsa, ya so ya sauka daidai gabanta ya burge ta, sai ya ɗan juya kusa da ƙasa, abin da aka hana shi tun ranar farko. Ƙasa ta taso, ya ja linzami hannu ɗaya ya riga ɗaya, ya zo ta gefe. Allah ya taimaka ya tuna ya haɗa ƙafafu da gwiwoyi ya mirgina. Ƙura ta tashi, ya miƙe baki duk ciyawa yana ɗaga mata hannu. Apa ba ta ɗaga ba. Ta yafito Tamara, ta tsiyaya mata shayi, ta tambaye ta abu ɗaya: da a ƙarƙashin waccan ƙaramar yaron ya yi abin da ya yi yanzu fa? Tamara ba ta iya zaƙin baki ba. Ta ce Apa, da a bargo za mu kwashe shi. Apa ta kurɓi shayi ta ce ya huce.

Na ce a raina shi ke nan, ta gane, yau za ta warware maganar. A hanyar gida, babu wanda ya tambaye ta, sai ta ce kyauta kyauta ce, abin da ɗan 'ya ya ɗauka ya ɗauku, kada ta ji wani ya karɓe. Abzal ya leƙo daga kujerar baya ya sumbaci hannunta. Ni kuwa saura kaɗan in bar titi. Muka iso, ya tura jakarsa ƙarƙashin gado yana waƙa.

Ran Litinin ni da shi muka fita aiki. Na dawo da la'asar, tun daga ƙofa na ji sautin da na sani, shuu-shuu na ƙyallen laima, amma haɗe da wani ƙyas-ƙyas. Na leƙa falo. Yaya, Apa ce zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, tabarau a hanci, babban almakashinta na ɗinki a hannu. Tsattsewa kuma ta zama tuli-tuli, baƙi daban, fari daban, ja daban, an yayyanka ta ƙanana-ƙanana, wasu masu kusurwa huɗu wasu masu uku. Igiyoyin ta nannaɗe su dunƙule guda kamar zaren saƙa. Zauresh na gefe tana zura mata allura, ta ƙi ɗaga kai ta dube ni, ita ce ta nuna mata wadda za ta zaro, shi ya sa jakar da laimar ko-ta-kwana suka tsira. Na zauna a bakin ƙofa da takalmina. Shekaru nawa ina ninke abin nan da hannuna, na san kowane ɗinki da ke jikinta. Na ce Apa, me kika yi? Ta ce in cire takalmi tukuna. Sannan ta ce ni ba ni da bakin magana, ba tawa ba ce, na bayar a gaban mutane. Na ce to ai ta Abzal ce! Ta ce ta sani, tasa ce har gobe, ko ƙyalle ɗaya ba zai ɓata ba, duk za ta haɗa masa su. Ta ce matar nan ta ce a bargo za a kwashe shi, to tunda dole sai da bargo, gara wanda zai kwanta a ciki ya tashi da safe. Daga nan ta ce in matsa, ina tare mata haske.

Abzal ya shigo bayana kaɗan. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Ya dubi kakarsa, amma wa ya isa ya ɗaga wa Apa murya? Sai ya juyo kaina. Ya ce ni na kitsa, da gangan na kai ta filin, da gangan na yi waccan saukar a gabanta, na kasa hana shi da bakina sai na ɓuya a bayan tsohuwa. Na rantse masa ban san za ta yi haka ba, kuma gaskiya ce. Amma da nake juya maganar daga baya, na kasa rantse wa kaina cewa ban ƙara gudu a saukar nan don ta gani ba. To ki gaya mini, Yaya, an bi al'ada ko an karya ta? Ya ɗauka, na ba shi, babu wanda ya karɓe, kuma babu laima. Na kira Baffa Seitkali na tambaye shi. Ya ce a saninsa al'ada ta yi magana a kan kawu, ba ta ce komai a kan kaka ba, daga nan ya shiga tambayata ko mun tanadi gawayin hunturu. Ina cikin mota zuwa aiki sai in ji hawaye ya zo mini saboda ƙyalle, ni da gemuna. Kuma tun Litinin ɗin nan abinci ya dawo yana yi mini daɗi, har ƙari nake nema. Zauresh ta ce in zaɓi ɗaya, ko makoki ko ƙari, na kasa.

Ga roƙona. Na san abin da za ki fara ce masa, ya bar wannan harka gaba ɗaya. Don Allah kada ki ce. In kika hana shi ba bari zai yi ba, wancan filin na bayan iyaka zai tafi a ɓoye ya ari ƙaramar wani, kuma can babu Tamara babu Apa. Ki ce masa ya dawo filinmu. Tamara ta ce za ta sa shi cikin masu koyon sauka, ta tsaya a ƙasa tana ɗaukar kowace saukarsa a bidiyo su zauna su kalla tare, har idonsa ya saba duban gaba, hannuwansa su saba tafiya tare, ya daina juyi idan ƙasa ta kusa ko da zai sauka nesa ya tako da ƙafa. Shuɗiyar nan ta likitan haƙori na karɓo ta, tana saman kabad tana jiransa. Da na so in ce kada ki faɗa masa ni na karɓo, amma ki faɗa, na gaji da dabara. Ni ma yanzu ba ni da ta hawa. Asabar ɗin da ta wuce na je aro a ɗakin kaya, abin da ya rage sai Saniya. Na hau ta, Yaya. Duk filin suka fito kallo, wani har yana yi mini kukan shanu, ita kuwa ta ajiye ni a hankali yadda gwiwoyina suka manta ana ajiye mutum. Wannan kada ki gaya wa Apa, za ta ce ai ta faɗa tun a gaban Baffa.

Bargon ta gama shi shekaranjiya, ita da maƙwabta biyu. Ta sa masa ulu a ciki, ta jera jan a tsakiya, igiyoyin kuma ta kitsa su ta zagaye bakinsa. Jiya a tasha Abzal ya yi sallama da kowa ban da ni. Apa ta miƙa masa ƙunshin, na ga hannunsa ya tsaya, na ce a raina yanzu zai bar shi a kan benci. Ya karɓa. Ya maƙale shi a hammata ya hau, bai waiwayo ba. In gaya miki gaskiya, bargon ba wani bargo ba ne, santsi gare shi, zamewa yake daga gado, in ka motsa ya yi ta surutu. Duk da haka ki shimfiɗa masa shi.

Ki gai da Orazali, ki ce masa har yanzu ina jiran busasshen kifin da ya yi mini alkawari tun bikin 'yarku Dilnaz. Ki gai da Dilnaz ɗin da mijinta da jaririya, Allah ya raya ta, da autanki Nurali, wanda nake roƙo ki riƙa sanar da ni kafin ya zo gidana don in kulle ɗaki. Zauresh da Inju suna gaishe ku, akwai kwalin tuffa a hannun Abzal, na sama ku fara ci. Apa ta ce a gaishe ku, kuma ki duba ɗinkin gefen hagu, allura ta riƙa zame mata a wurin.

Har yanzu ban san wa ke da gaskiya a cikinmu ba, in kin gano ki rubuto mini. Amma idan kin je tarbarsa, kada ki tsaya kallon fuskarsa, a murtuke take. Ki dubi yadda zai sauko daga matakalar jirgin da ƙafafunsa biyu, babu mai riƙe shi, kuma shi ke ɗauke da bargon, ba bargon ke ɗauke da shi ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Kuandik